Ahiya Sharahiya: abin da muka tarar a gafakar kakana

Ranar da muka bar ƙauyenmu da ke kudu da Wad Madani, cikin Disambar 2023, kowa ya ɗauki abin da hannunsa zai iya riƙewa. Ni takardun makaranta na kwasa, Inna ta ɗaure tukwane biyu da rabin buhun dawa. Kakarmu kuwa, wadda duk gidan muke ce wa Hajiya, gafakar marigayi mijinta ta rungume a ƙirji, har muka sauka wurin dangi a Mai Wurno ba ta yarda wani ya karɓa mata ba.

Gafakar fatar akuya ce, ta yi baƙi don tsufa. A ciki akwai Alƙur'ani rubutun hannu, falle-falle ba ɗinki, irin namu na Warshu da ake yi wa fa ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙaf kuma ɗaya a sama. Kakana malamin allo ne, faki in ji maƙwabtanmu Larabawa. Mahaifinsa ya taso daga ƙasar Kano da niyyar aikin hajji, ya tsaya neman guzuri lokacin da ake ginin madatsar ruwa ta Sinnar, wadda aka gama a 1925, daga nan ya faɗa aikin auduga a Jazira, zama ya kama shi. Labarin gidaje da yawa ke nan a ƙauyukanmu, ban da waɗanda kakanninsu suka biyo Muhammadu Bello Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903.

Cikin azumin 2024 ne ƙanena, ɗan jami'a da yaƙi ya zaunar a gida, ya buɗe gafakar yana neman Alƙur'anin da zai yi tilawa. Can ƙasa ya ci karo da wata takarda a naɗe cikin ƙyalle. Ina rumfa ina biya wa yara karatu na ji ya ƙwala min kira.

"Yaya, zo ka ga abin da muka yi ta dako tun daga gida!"

Hatimi ne mai gidaje tara, cike da lambobi. A kusurwoyinsa huɗu an rubuta Jibrilu, Mika'ilu, Israfilu da Azra'ilu. A sama, bayan bisimilla, ga layi guda: Ahiya Sharahiya Adunaya Asba'utu Ali Shaddaya. A ƙasa kuma wasu sunaye uku masu ƙarewa da "a'ilu", waɗanda ba su cikin Alƙur'ani ba su cikin hadisi.

Ƙanena ya ce sunayen aljanu ne, shirka ce tsagwaronta, a kawo ashana. Hajiya tana zaune a kan angarib, ta ce, "Kai yaro, Malam ne fa ya rubuta min ita da hannunsa ranar da nake naƙudar ubanku. Ya ce sunayen Allah ne manya, su kuma huɗun nan su ne suka riƙe kusurwoyin duniya sanda aka shimfiɗa ta." Shi kuma ya ce, "Hajiya, in a kan wannan ya rasu, wallahi ina ji masa tsoro."

Ran nan Hajiya ruwa kawai ta kurɓa a buɗa-baki. Matar da ta baro ɗakinta da awakinta ba ta zubar da hawaye ba, sai ga shi magana ɗaya ta sa ta juya fuska bango. Na roƙe su arziki: a ba ni kwana goma, kada a ƙone, kada kuma a ɗaura wa kowa. Abin da na samu cikin kwanakin nan shi nake so in ba masu karatu, don na san irin wannan takarda tana nan a gafakoki da akwatuna da yawa, daga Jazira har Damazin.

Kalmomin da ke saman takardar

Na fara da littattafan da na tara a waya tun ina karatun koyarwa a Hantub. Lisanul Arab na Ibn Manzur, wanda ya rasu a 1311, ya kawo wannan lafazi na Sharahiya, ya ce Ibrananci ne, ya ba shi ma'anar Ya Hayyu Ya Ƙayyumu. Alƙurɗubi ma ya ambace shi da wannan ma'ana a tafsirin aya ta 22 ta suratu Yunus, wurin addu'ar mutanen da guguwa ta rutsa da su a teku. Mai Alƙamusul Muhiɗ kuwa ya ce mutane suna kuskuren furta shi, ya kawo gyaran da malaman Yahudawa suke yi. Ashe dai manyan malamanmu sun san kalmar tun ɗaruruwan shekaru, kuma ba wanda ya ce sunan aljani ce a cikin waɗannan ukun.

Daga nan na aika wa wani abokin aikina saƙo, malamin lissafi, Kirista daga cikin Kibɗawan Wad Madani. Duk sanda shabaka ta leƙo sai ya turo min hotunan shafukan littafinsu na Larabci, fassarar da aka kammala a Bairut a 1865. Ni kuma na zauna na koyi haruffan Ibrananci. Guda 22 ne, kuma abin da ya ba ni mamaki, jerinsu shi ne abajada, hawwaza, huɗɗiya, kalamana da malamanmu ke yin hisabi da shi. Na ƙarfafa kaina da cewa Annabi (SAW) da kansa ya umarci Zaidu bin Sabit (RA) ya koyi rubutun Yahudawa, ya kuma koye shi cikin kamar rabin wata.

Ga yadda layin ya warware. Ahiya Sharahiya asalinsa kalmomi uku ne, Ehye asher ehye, suna cikin Littafin Fitowa, babi na 3, inda Annabi Musa (AS) ya tambayi Ubangiji sunan da zai faɗa wa Banu Isra'ila. Tushen kalmar "kasancewa" ne. Sa'adiya Alfayyumi, babban malamin Yahudawa da aka haifa a Fayyum ta Masar a 882 ya rasu a 942, wanda ya fassara Attaura zuwa Larabci, ya ba ta ma'anar Wanda yake tun azal kuma ba ya gushewa. Ka ga Ya Hayyu Ya Ƙayyumu kusantowa ce malamanmu suka yi, ba fassarar kalma da kalma ba.

Adunaya shi ne Adonai, wato Ubangijina. Yahudawa suna da wani suna mai haruffa huɗu, yod, he, waw, he, wanda ba sa furtawa saboda girmamawa. In mai karatu ya iso kansa sai ya ce Adonai a madadinsa, a hirar yau da kullum kuma su ce HaShem, ma'ana "Sunan". Asba'utu shi ne Tseba'ot, wato runduna. In an haɗa biyun, Ubangiji Mai Runduna ke nan, kuma cikin rundunar da ake nufi har da ta sama, mala'iku. Ali Shaddaya kuwa El Shaddai ne. El Allah ke nan, Shaddai kuma galibi ana fassara shi da Mai Iko Duka, amma malaman Yahudawa na da sun danganta shi da kalmarsu ta dai, "ya isa". Shi ya sa Sa'adiya ya sa Alkafi cikin fassararsa, Wanda ya isar wa bayinsa.

To, layin da ƙanena ya kira sunayen aljanu, sunayen Allah ne a bakin Banu Isra'ila, sai dai hannun makwafa ya lanƙwasa su har mai harshen ma da ƙyar zai gane su. Hanyar da suka biyo zuwa gafakar kakana ita ce littattafan asirai na Larabci, irin Shamsul Ma'arif da ake jingina wa Ahmad Albuni, mutumin ƙarni na 13, waɗanda suka ratso Sahara zuwa ƙasar Hausa, kakanninmu kuma suka sake ɗauko su zuwa gabas. Abin lura, masu harshen sun zauna kusa da mu a nan Sudan. A 1906 wani malaminsu, Sulaiman Malka, ya sauka Omdurman, ya shugabanci jama'arsu har ya rasu a 1949. Sun gina wurin ibadarsu a Khartoum a 1926, akwai 'yan kasuwarsu a Wad Madani ma, kafin su watse bayan samun 'yancin kai na 1956. Wata ila kakana ya taɓa sayen yadi a kantin mutumin da zai iya karanta masa layin nan daidai.

Wutsiyar "ilu" a sunayen 'ya'yanmu

A ajin da nake koyarwa ba a rasa Jibrin biyu ko uku, da Isma'ila, da Mika'ilu. Kullum ina kiran sunayen nan da safe ban taɓa tsayawa a kan wutsiyarsu ba. Wannan "ilu" ita ce El ɗin da muka gani a sama. Imamul Buhari ya kawo daga Ikrima, almajirin Ibn Abbas (RA), a tafsirin ayar Baƙara da ta ambaci Jibrilu, cewa gaban sunan yana nufin bawa, "il" kuma Allah. Masana Ibrananci sun fi fayyacewa. Gabri-El, ƙarfin Allah ko gwarzon Allah. Mika-El tambaya ce: wa ya yi kama da Allah? Yishma-El, Allah yana ji.

Dubi Mika'ilu da kyau. Mala'ikan da ake rubutawa a kusurwar hatimi don neman tsari, sunansa da kansa yana shelar cewa babu tamkar Allah. Ita ma kalmar mala'ika haka take. A Ibrananci mal'ak ɗan aike ne, ko mutum aka aika haka ake kiransa. Malaman lugga na Larabci sun ce malak asalinsa mal'ak ne, daga aluka, wato saƙo. Harsunan biyu sun haɗu a kan cewa aikin mala'ika aike ne.

Cikin huɗun da ke takardar, Jibrilu da Mika'ilu suna cikin suratul Baƙara, aya ta 97 da 98. Israfilu ya zo a hadisi, cikin addu'ar buɗe sallar dare da Muslim ya ruwaito daga Nana A'isha (RA). Azra'ilu kuwa, duk da yadda ya zauna a bakinmu, Ibn Kasir ya ce wannan suna bai zo a Alƙur'ani ko hadisi ingantacce ba. Abin da suratus Sajada ta kira shi da shi shi ne Mala'ikan Mutuwa.

Wa ake nufi da "mu"?

Saura maganar Hajiya, cewa su huɗun nan suka riƙe kusurwoyin duniya. Nan ne na faɗa cikin wata tsohuwar muhawara da ta shafi wani sunan, Elohim, wanda da shi Attaura ta buɗe labarin halitta. Tilonsa Eloah, ɗan'uwan ilahu na Larabci. Ƙarshensa "im" alamar jam'i ce a Ibrananci, kamar yadda muke cewa malam, malamai. Sannan a Littafin Farawa, babi na 1, aya ta 26, wurin halittar mutum, fi'ilin ya zo da na'ase, wato "mu yi". To su wa da wa?

Abokina Bakibɗe ya ce a cocinsu ana ganin ishara ce ga Triniti. Na ce masa ya san matsayinmu, muka yi dariya, muka wuce. Abin da na so ji shi ne yadda masu harshen suka fahimci littafinsu.

Amsarsu ta farko ta nahawu ce. Sunan yana da siffar jam'i, amma fi'ilin da ke tare da shi a ayar farko, bara, "ya halitta", na tilo ne. Haka kuma ayar da ke bin "mu yi" nan take ta koma tilo, ta ce shi ya halicci mutum. Sa'adiya ya ce wannan "mu" irin ta sarakuna ce. Mu Hausawa ba sai an yi mana dogon bayani ba, sarki yana zaune shi kaɗai a kan karaga zai ce "mun yi umarni". Ɗalibin nahawu ma ya san nunul azama, wadda da ita Allah yake cewa Mu a wurare da yawa cikin Alƙur'ani, ba kuwa Musulmin da ya taɓa ɗauka abokan tarayya ake nufi. Shi ya sa Sa'adiya, da fassarar Bairut, da Littafi Mai Tsarki na Hausa da aka buga a 1932, duk suka sa Allah a gurbin Elohim.

Amsa ta biyu ita ce ta shigo da mala'iku. Rashi, mashahurin mai sharhin Attaura da aka haifa a Troyes ta Faransa a 1040 ya rasu a can a 1105, ya ce da mala'iku Allah yake magana. Ba don yana bukatar taimakonsu ba, sai don ya koya wa mutane ladabi, babba ya riƙa shawara da na ƙasa da shi. Ya ƙara da cewa komawar aya ta gaba zuwa tilo ita ce amsar duk wanda zai ce wani ya sa hannu a halittar. A tsohon tafsirinsu Bereshit Rabba, na wajen ƙarni na 5 miladiyya, akwai labarin cewa mala'iku sun rabu, wasu na cewa a halicci mutum don zai yi alheri, wasu na cewa kada a yi don zai cika ƙarya da husuma. Kuma an ce da aka kawo dabbobi mala'iku sun kasa faɗin sunayensu, Adamu ya faɗa.

Mai karatu, na san zuciyarka ta riga ta tafi suratul Baƙara, aya ta 30 zuwa 34. Allah ya sanar da mala'iku zai sanya halifa a bayan ƙasa, suka tambaya game da ɓarna da zubar da jini, aka nuna musu Allah ya san abin da ba su sani ba, aka koya wa Annabi Adamu (AS) sunaye, su kuma suka amsa cewa ba su da wani ilimi sai wanda aka ba su. Zamakhshari, wanda ya rasu a 1144, da Baidawi bayansa, sun lissafa koya wa bayi shawara cikin hikimomin wannan sanarwa, kusan abin da Rashi ya faɗa. Amma akwai inda muka rabu. A wurinmu sanarwa ce aka yi musu. Ibn Kasir ya ce tambayarsu neman sanin hikima ce, babu jayayya babu hassada a ciki, don suratut Tahrimi ta siffanta mala'iku da cewa ba sa saɓa umarnin Allah. Saboda haka labarin rabuwarsu ƙungiya-ƙungiya ba ma gina aƙida a kansa.

Ma'aunin da muke bi a irin wannan sananne ne. Buhari ya ruwaito daga Abu Huraira (RA) cewa Ahlul Kitabi suna karanta Attaura da Ibrananci su fassara wa Musulmi da Larabci, sai Annabi (SAW) ya hana a gaskata su kai tsaye, ya kuma hana a ƙaryata su kai tsaye. Daga nan Ibn Kasir, a gabatarwar tafsirinsa, ya kasa Isra'iliyyat uku: abin da littafinmu ya tabbatar, abin da ya ƙaryata, da abin da ya yi shiru a kansa. Labarin da muka sha ji a wurin wa'azi, cewa an aiki Jibrilu ya ɗebo ƙasar da za a yi Adamu, ƙasa ta nemi tsari ya dawo, aka aiki Mika'ilu shi ma ya dawo, sai Mala'ikan Mutuwa ya ɗebo, yana cikin Tarihin Ɗabari, kuma daga irin waɗannan ruwayoyi yake. Ko a cikinsa ma, lura, aike ne aka yi. Haka hadisin mala'ikan da aka wakilta wa mahaifa: a kowane mataki tambayar Ubangiji yake yi, namiji ne ko mace, nawa ne arzikinsa, yaushe ne ajalinsa, sannan ya rubuta abin da aka ce masa.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne wani wuri a Bereshit Rabba ɗin nan. Malamansu biyu sun yi saɓani kan ranar da aka halicci mala'iku, Rabbi Yohanan ya ce rana ta biyu, Rabbi Hanina ya ce ta biyar. Amma an ce duk sun haɗu a kan ba ranar farko ba ce. Dalili? Don kada wani ya zo ya ce Mika'ilu ne ya ja sama ta kudu, Jibrilu ya ja ta arewa, Allah yana daidaita tsakiya. Na ajiye wayar na yi shiru. Kusan maganar Hajiya ce fa, kuma masu harshen da sunayen suka fito daga gare shi sun toshe ƙofarta tun shekaru dubu da ɗari biyar da suka wuce. Tsoron da ƙanena yake ji, su ma sun ji shi.

Sunayen da lissafi ya haifa

Sai sunaye ukun da ke ƙasan takardar. Waɗannan ba daga wani wahayi suka zo ba, ƙirƙirar su ake yi da alƙalami. A littattafan hisabi kowane harafi yana da lamba. Alif 1, ya 10, lam 30, jimlar "il" ke nan 41. Sai a ɗauki adadin wani suna ko na hatimi, a cire 41, wasu kuma 51 suke cirewa, abin da ya rage a mai da shi haruffa, a liƙa masa wutsiyar. Ga misali da sunan da kowa ya san adadinsa. Laɗifu 129 ne. Cire 41, saura 88. Fa 80 ce, ha ƙarama 8. Sai ka ji an ce wai ga Faha'ilu, hadimin sunan. Na gwada wannan hanya a kan lambobin hatimin kakana, sai ga sunan farko ya fito ɓaro-ɓaro.

A nan kam ƙanena yana da hujja, kuma tsohuwa ce. Malaman Malikiyya sun ruwaito cewa an tambayi Imamu Malik game da yin tofi da sunayen ajami da ba a san ma'anarsu ba, ya hana, don wa ya sani ko kafirci ne a ciki. Ibn Hajar a Fathul Bari ya kawo sharuɗɗa uku na ruƙiyya: ta zama da maganar Allah ko sunayensa da siffofinsa, ta zama da Larabci ko harshen da aka san ma'anarsa, sannan a ƙudurta ba ita ke aiki da kanta ba, Allah ne mai yi. Su ma Yahudawa suna da nasu mai tsawatarwa. Musa bin Maimun, haifaffen Ƙurɗuba da ya rasu a Masar a 1204, ya rubuta Dalalatul Ha'irin da Larabci cikin haruffan Ibrananci. A babi na 61 na kashin farko, yana tsakiyar bayanin sunayen Allah, ya gargaɗi mai karatu kan marubuta layu da ke harhaɗa haruffa marasa ma'ana su kira su sunaye masu tsarki.

Takarda ɗaya ke nan ta tara abu uku: sunayen Allah na gaskiya a wani harshe da kwafi ya gurɓata, sunayen mala'iku da yawancinsu muka sani ta wahayi, da sunayen da lissafi ya ƙago. Wanda ya ce duk shirka ce bai karanta ba. Wanda ya ce duk asiri ne mai tsarki shi ma bai karanta ba.

Daren da na ba su amsa

Daren ashirin da uku, bayan tarawihi, na tara su a rumfa. Na fara da ƙanena. Na ce masa kakanmu bai kira aljani ba. Abin da ya gaya wa matarsa, cewa sunayen Allah ne, gaskiya ya faɗa, kuma Ibn Manzur da Alƙurɗubi suna bayansa. Ya kwafi abin da ya samu a wurin malamansa da kyakkyawar niyya, a ƙauyen da ba likita ba unguwarzoma ta asibiti, matarsa tana tsakanin rai da mutuwa. Hukuncin aiki daban, hukuncin mutum daban, kuma makomar wanda ya rasu yana sallah yana karantar da Alƙur'ani ba a bakin jikansa take ba. Ya sunkuyar da kai, can ya matsa ya durƙusa gaban angarib ya ce, "Hajiya, ki yafe min, bakina ya yi sauri."

Sannan na juya wurinta, wannan ya fi min wuya. Na ce, "Hajiya, huɗun nan ba su riƙe wa Allah komai ba. 'Yan aike ne, sunayensu ma abin da suke faɗa ke nan. Na ƙasan nan kuwa lissafi ne kawai, ba kowa a bayansu. Mu sunayen da Allah ya koya mana a Alƙur'ani da bakin Annabi da su aka ce mu roƙe shi. Abin da Malam yake nema da Ahiya Sharahiya, ke kina faɗinsa kullum da asuba."

Ta ce, "Wanne?"

Na ce, "Ya Hayyu Ya Ƙayyumu."

Ta daɗe tana jan carbi. Sannan ta ce, "Yo ashe abin da na yi ta ɓoyewa a ƙyalle shekara sittin yana bakina. To maigidana, na ji. Ba zan ɗaura wa kowa ba. Amma mai ƙone rubutun Malam sai bayan raina."

Ba a ƙone ba. Na samu farar takarda na rubuta kowace kalma da asalinta da ma'anarta, da Larabci da ajami, na bayyana waɗanda aka ƙirƙira, na sa kwanan wata, muka naɗe su tare muka mayar cikin gafaka. Duk jikan da ya buɗe nan gaba zai tarar da rubutun kakansa da bayaninsa a gefe.

Yaƙin nan ya cinye littattafai da takardun gidaje masu yawa, abin da ya tsira kaɗan ne. Mu da ake yawan tambayarmu daga ina muka zo, yaushe muka zo, waɗannan takardu suna cikin shaidunmu. Shawarata ga duk wanda ya tarar da irinsu a kayan iyayensa: ya ɗauki hotonsu tukuna, ya kai wa malamin da ya san lugga, ya tambayi ma'anar kowace kalma. Abin da ya saɓa wa tauhidi a daina aiki da shi, a kuma faɗa wa tsofaffi da lafazi mai taushi. Rashin sani ya fi dare duhu, kuma yakan kama mai ɗaura laya, yakan kama mai ƙyasta ashana.

Yanzu da muka koma gida aka buɗe makaranta, na ƙara abu ɗaya a darasin farko na shekara. In na kira Mika'ilu ya amsa, sai in tambaye shi ko ya san abin da sunansa yake tambaya. Yawanci ba su sani ba. In na faɗa musu, sai in ji ajin ya amsa da kansa: babu kowa, Ustaz.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.